Zoben da aka tsinta a ƙafar tsuntsu

  

Hirarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta. Ya kira mu a makon jiya daga wajen Komadugu, ya ce tun cikin rani yaronsa ya tsinci wani ɗan tsuntsu matacce a bakin ruwa, da zoben ƙarfe a ƙafa, an yi rubutun boko a jiki. Ya cire zoben ya ƙulle a leda ya ɓoye, har yau bai nuna wa hukuma ba. Wani ya ce masa asiri ne, kada ya bari ya kwana a gidansa. Wani kuma ya ce na'urar leƙen asiri ce, in jandarma suka gan shi da ita zai sha tambaya. Shi ne yake neman shawara, ya jefar ne ko ya kai? Baba, na yi maka alkawarin zan bincika, kuma na bincika. Sai dai ka yi haƙuri da ni, amsar tana da ɗan nisa. Sai mun je bakin teku a Ingila mun dawo.

A kudancin Ingila akwai wani wuri da ake kira Portland. Tsibiri ne na dutse, tsawonsa bai wuce kilomita 6 ba, wani dogon tudun tsakuwa ya haɗa shi da sauran ƙasa, shi kuma ya miƙe cikin teku kamar harshe. Daga ƙarshensa zuwa gaɓar Faransa kusan kilomita 100 ne, duk ruwa. A can ƙarshen akwai tsohuwar hasumiya wadda a da ake kunna fitila a kanta don jiragen ruwa su ga hanya da dare. Tun 1961 aka mai da ita gidan masu duba tsuntsaye. Aikinsu ke nan, kullum, ba Juma'a ba Lahadi: su ƙirga abin da ya wuce ta sama da ta kan ruwa, su rubuta a littafi.

Ku 'yan kasuwa ku ne za ku fi saurin gane dalilin zaɓen wurin. Ba a kafa shingen duwan ko na kwastan a tsakiyar daji inda kowa zai iya zagayewa. Ana kafa shi a bakin gada, inda dole kowa ya bi. Makiyayi ma ya san yadda burtali uku ko huɗu ke haɗuwa a mashigi ɗaya. To haka Portland take ga tsuntsu. Ƙaramin tsuntsu ba ya son ƙetare ruwa mai faɗi, sai ya bi ƙasa har inda ta ƙare, ya tsaya ya huta, ya ci abinci, ya jira iska mai kyau. A nan ake tare shi. Ana kafa raga mai laushi kamar gidan sauro a tsakanin itatuwan lambu tun da asuba, tsuntsu ya faɗa, a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a duba ko ɗan bana ne ko babba, a sa masa zobe mai lamba, a sake shi. Duka-duka 'yan mintoci. Shinge ne dai, amma ba a karɓar ko dala, kuma ba a sauke wa kowa kaya.

Lokacin zafinsu, wato Yuni da Yuli da Agusta, ya faɗo daidai daminarmu. Rana tana da tsawo ƙwarai a can, a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, kafin biyar na asuba kuma gari ya waye. Masu aikin suna ɗaukar farkon wannan lokaci a matsayin lokacin shiru, don baƙin da suka taho daga Afirka sun riga sun wuce, kowa yana kan ƙwai ko yana ciyar da 'ya'ya. Saboda haka sai su mai da ido kan teku. Littafin nasu a irin waɗannan kwanaki yakan cika da tsuntsayen ruwan gishiri waɗanda mu nan ba mu da sunansu, don ba su taɓa zuwa mana ba. Akwai wani mai baƙin baya da farin ciki da ke tashi dab da ruwa kamar zai yanke shi da fiffike. A rami yake ƙwai a tsibiran Wales, in sanyi ya zo ya tafi har gaɓar Ajantina. An taɓa sa wa ɗaya zobe a 1957, aka sake kama shi da ransa bayan fiye da shekara 50. Suna kuma rubuta dolfin in ya ɓullo, wata dabbar ruwa ce mai shayar da 'ya'yanta nono kamar ayu. Da dare su kunna fitila a kan akwati su tara ƙwarin dare masu fiffike, da safe su ƙirga su iri-iri su sake su.

Har malam-buɗe-littafi suna rubutawa, kuma kada ku yi dariya tukuna. Akwai wani iri mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari, wanda zuriyarsa ke ƙetare Sahara tsakanin ƙasashenmu da Turai, kaka ya fara tafiyar, jika ko tattaɓa-kunne ya ƙarasa. Wani bincike da aka fitar a 2021 ya nuna cewa shekarar da dajin kudu da Sahara ya yi kore sosai, ita ce shekarar da ake ganin su da yawa a Turai daga baya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa ta wata hanya.

Shirun ba ya daɗewa. Tun ƙarshen Yuni, ku kuna fama da noman farko, sai a fara ganin masu komawa. Daga cikin na farko akwai wata 'yar tsattsewa mai launin ƙasa wadda ke haƙa rami a gaɓar kogi. A Yuli sai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu su fara saukowa daga can arewa mai ƙanƙara. Ƙarshen Yuli zuwa Agusta baƙar tsattsewa ta kama hanya, wadda masana a Suwidin suka tabbatar tana iya wata goma a sama ba ta sauka ba, a sama take ci, a sama take sha. Sannan ƙananan tsuntsayen cikin ciyawa da ƙaya su cika lambun da safe, mafi yawansu 'yan bana ne, ba su taɓa ganin teku ba balle hamada, kuma ba uwa ba uba a gaba. A ƙarshen Agusta sai ga wanda ku makiyaya kuka fi kowa sani: ɗan rawayan nan mai kaɗa wutsiya, wanda ke bin ƙafar shanu yana cafke ƙwarin da suka tayar. A can ma shanu da tumaki yake bi. Sunan da Faransawa suka ba shi ma'anarsa 'yar makiyaya. Ashe abokin kiwon naku yana da wani garken a wata ƙasa.

Daga Portland zuwa Tafkin Chadi ya haura kilomita 4,000. A tsakani akwai Bahar Rum, akwai kuma Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Mai wannan tafiya wani nauyinsa giram 11 ne, wani 15, wato goro ɗaya madaidaici. Guzurinsa kitse ne. Kafin ya tashi yakan ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, ya ƙone kitsen a hanya, ya iso nan ƙashi da fata. In ya tarar da tabki da ruwa da ƙwari, ya tsira. In ya tarar da fako, shi ke nan.

Gaskiya guda da ya kamata in faɗa: waɗanda ke bi ta Portland galibinsu yamma da mu suke sauka, wajen Senegal da Mali da fadamun kogin Kwara na can sama. Namu na Madarunfa da Tabalak da Nguru da Tafkin Chadi sun fi fitowa daga tsakiyar Turai da gabashinta, irin su Italiya da Jamus da Poland. Amma iri ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, kuma waɗancan ƙasashen ma suna da irin wannan shinge. Na Jamus da ke tsibirin Helgoland tun 1910 yake aiki.

Yanzu ga abin da ya sa na ce hirar ta shafe ku, ba labarin shaƙatawar Turawa ba ce kawai.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke zama cikin shingayen gonakin Ingila. A da yana da yawa har ba a kula da shi. A kakar 1968 suka tafi kamar kullum. Da lokacin dawowa ya yi a 1969, masu littafi suka zauna jira, sai ga tsiraru. Da aka haɗa lissafin ƙasar gaba ɗaya, aka ga fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. A shekara ɗaya! Aka yi ta neman dalili. Wasu suka ce maganin feshi ne, wasu suka ce guguwa ce ta halaka su a hanya. Sai a 1974 wasu masana uku suka fitar da bayani cewa ruwan sama ne ya gaza a kudancin Sahara a daminar 1968, tsuntsayen suka rasa abin da za su yi kitse da shi, suka mutu a nan ko a cikin hamada.

Ku duba shekarun nan da kyau. Dattawanmu ba sa bukatar a gaya musu abin da ya faru a 1973 da 1974, lokacin da garkuna suka ƙare, mai shanu ɗari ya koma da sanda kaɗai, mutanen arewa suka cika garuruwa suna neman abin sa wa a baki. Duniya ba ta farga da wannan fari ba sai da gawar dabbobi ta cika hanya. Amma farin ya fara tun 1968, kuma shaidarsa tana rubuce a littafin masu ƙirga tsuntsaye tun 1969, shekara huɗu kafin nan. Sun ga alamar, ba su san karatunta ba. Da aka sake shiga wani farin a 1983 da 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyaka, 'yar tsattsewar gaɓar nan ta sake raguwa ƙwarai a Ingila. Wannan karon ba su yi dogon nema ba, sun san inda za su duba. Daga baya aka gwada lissafin shekaru da yawa na wani ɗan tsuntsun fadama, aka ga yawan waɗanda ke rayuwa su koma yana hawa yana sauka tare da ruwan saman Afirka ta Yamma. Tabkin da ya ƙafe ya hana saniyarka sha, shi ne ya hana shi komawa.

Kuma ba ruwa kaɗai ba, har da itace. A bazarar 1967 wasu masana suka zo Malamfatori a bakin Tafkin Chadi, lokacin tafkin yana cike, suka yi ta kama waɗannan baƙi suna aunawa kafin su ƙetare hamada. Suka tarar da yawansu da 'ya'yan itacen asuwaki suke yin kitse. A 'yan shekarun baya kuma wasu 'yan ƙasar Holan suka bi yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, dubbai. Abin da suka gano zai ba ku sha'awa: baƙin nan suna da zaɓe. Itatuwa masu ƙaya suke so, gawo da aduwa da ire-iren farar ƙaya, don su ne ke da ƙwari da tsutsa. Dogon yaro kuwa, wanda wasunmu ke kira bedi ko maina, duk inuwarsa da yawansa a garuruwanmu, kusan ba sa kula shi. Gawo dai kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wato yana buɗe rumfarsa daidai lokacin da baƙin suka iso, daidai kuma lokacin da dabba ta fi bukatar ganyensa da 'ya'yansa.

A nan zan faɗi ra'ayina, iyayena ku gafarce ni in na yi kuskure, yaro ne ni a gabanku. Ban ga laifin makiyayin da ya hau gawo a watan Afrilu ya sare reshe ya ba dabbarsa ba. Wanda bai taɓa ganin saniya ta kasa tashi ba shi ne zai yi masa wa'azi. Abin da na gani da idona a hanya, kuma ya dame ni, shi ne gawon da aka yi wa aski ƙwal-kwabo, ba a bar masa ko reshe ɗaya ba, bana a yi, baɗi a maimaita. Irin wannan ba ya 'ya'ya, in aka matsa kuma ya bushe. Mai asarar farko shi ne garken da zai biyo hanyar baɗi, tsuntsu yana baya. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna ana iya juya lamarin. Tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itace a gona suna gyara shi maimakon su tumɓuke, har aka ƙiyasta fili ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa suka dawo. Ba don tsuntsu suka yi ba, don ƙasarsu da itacen girki da abincin dabba suka yi. Tsuntsu ya ci albarkaci.

Kada kuma wani ya ɗora mana laifin duka. Akwai wata kurciyar Turai mai zane a wuya da ke cin rani a yankinmu. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1970, kuma masanansu da kansu sun ce babban dalili yana gida: noman zamani ya share ƙananan ciyayin da take cin ƙwayarsu, ga kuma maharba da ke jiranta a ƙasashen bakin Bahar Rum. Nan gida ma ba koyaushe fari ne ko gatari ba. Fadamun Haɗeja da Nguru sun ragu ne bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da su ta yi ƙasa, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi da agwagwar da ta taho daga Rasha, duk ruwa ɗaya suka rasa.

To Baba, mu dawo kan zobenka.

Kafin a fara sa zobe, Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. Har masu iliminsu sun yarda cewa tsattsewa tana nutsewa cikin taɓon tabki ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, sai ga kibiya mai tsawon kusan santimita 80 a soke a wuyanta, irin ta mutanen Afirka. Da ita ta tashi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Wani maharbi a nahiyarmu ya yi kuskuren hari, bai san ya aika wasiƙa ba. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba, Ingila ta bi a 1909. A ƙarshen 1912 aka tsinci wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu da zoben da aka sa mata a Ingila shekara ɗaya da rabi kafin nan. Daga nan maganar barci cikin taɓo ta mutu.

Saboda haka abin da ke cikin ledarka takardar shaida ce, kamar tambarin da kake yi wa sa a cinya don a san na wane ne. Ƙarfe ne mara nauyi, yawanci irin na tukunyar dalma, babu zinariya, babu batir, ba ya ji ba ya gani. In ka duba za ka ga lamba, ka ga kuma sunan wani gari ko ofis, kamar London ko Paris ko Helgoland. Ba a sayensa, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa Turawa na biyan lada mai tsoka a kansa. Abin da sukan mayar wa wanda ya aika musu shi ne tarihin tsuntsun: wane iri ne, ina aka sa masa zoben, wace rana, kilomita nawa ya yi. Daga dubban da ake sa wa zobe, ƙalilan ne labarinsu ke komawa daga yankinmu, shi ya sa guda ɗaya yake da daraja a wurinsu.

Akwai wani abu dabam da ya kamata ku bambance. Manyan tsuntsaye, irin su farar shamuwa da ungulu da shaho, wani lokaci ana ɗaura musu ɗan akwati a baya, mai farantin hasken rana, wani har da 'yar eriya. Wannan kam na'ura ce, tana aika wa masu bincike inda tsuntsu yake, kuma ita ce ta jawo rikici a wurare. A 2013 a Masar wani ya kama farar shamuwa mai irin wannan akwati ya kai wa 'yan sanda, aka tsare ta ana zargin leƙen asiri, sai daga baya aka gane masu binciken namun daji ne suka ɗaura mata a ƙasar Hangari. A 2018 kuma wata shamuwar Poland ta ɓace a Sudan, wajen kogin Nilu. Wanda ya samu akwatin ya buɗe, ya tarar da layin waya a ciki, ya sa a wayarsa ya yi kira na awa 20. Ƙungiyar da ta ɗaura akwatin ta ga takardar biya ta kusan dalar Amurka 2,700. Na san wani Alhaji yana murmushi yanzu yana cewa wannan ɗan kasuwa ne. Alhaji, a halin tsaron da muke ciki, layin da ba ka san asalinsa ba a cikin wayarka ba riba ba ce. In kun samu irin wannan akwati kada ku fasa, kada ku ɓoye, kada kuma ku ƙetare iyaka da shi a aljihu. Ku sanar da mai gari, a kai wa ma'aikatan gandun daji da shaida.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi zoben muhimmanci. Baba ya ce tsuntsun matacce yaron ya tsinta. A lokacin zafi na 2022, masu littafi a gaɓar Birtaniya ba masu rai kaɗai suka ƙirga ba. Murar tsuntsaye ta shiga tsibiran da tsuntsayen teku ke ƙwai, suka mutu dubbai, har aka rufe wasu tsibirai aka hana baƙi shiga. A farkon 2021 cutar ta kashe bubuƙuwa kusan 750 a gandun Djoudj na Senegal. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya. Waɗanda ke safarar kaji da zabi a lokacin sun tuna yadda kasuwa ta mutu. Tsuntsun daji yana iya kawo ta daga nesa, amma da zarar ta shiga gari, a keji da akurki da bayan mota ta fi yawo, daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Don haka in kun tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin tabki, biyar ko goma a wuri ɗaya, kada yara su kwaso, kada a gasa, kada a ba kare. Ku kai labari wajen malaman dabbobi. Hajiya mai kiwon agwagi, kwanakin da baƙi suka cika tabki ki rage sakinsu can. Mai safarar kaji, in ka ga suna mutuwa a keji kada ka yi saurin karyar da su a kasuwa ta gaba don ka tsira da uwar kuɗi, garin da ka sayar wa gobe za ka koma cikinsa. In tsuntsu ɗaya ne mai zobe, a sa leda a hannu kafin a taɓa, a karanta lambar, a binne shi, a wanke hannu da sabulu.

Mu dai mun daɗe da sanin baƙon tsuntsu. Shamuwa tana zuwa mana da farkon damina daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, manomi ya gan ta ya fara gyara iri. Bambancinmu da mutanen Portland shi ne su sun rubuta rana da wata tun 1961, mu kuma namu yana kan dattawa. Shi ya sa muke roƙonku wani abu bana. Nan da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, in gero ya shiga rumbu, baƙin za su fara isowa. Ranar da kuka fara ganin ɗan rawayan nan a ƙafar shanunku, ko kuka ga agwagin daji sun sauka a tabkinku, ku kira mu ku faɗi rana da wuri, da yadda ruwan tabkin yake, cike ko rabi. Mun sayi littafi, za mu rubuta, kuma za mu riƙa karanto muku a wannan fili.

Kai kuma Baba, kada ka jefar. Ka sa wani mai waya ya ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lambar za ta fito, ka tuna mana watan da aka tsince shi da sunan wurin, a turo mana ta WhatsApp ko a ba direban da ke zuwa nan ranar kasuwa. Mu za mu aika wa masu shi. In amsa ta zo, a wannan shiri za ka ji daga wace ƙasa baƙon yaronka ya taso.